Daron Mushe Iliya da Gwiwata

Duk wanda ya gaya muku na dawo daga arewa da ciwon gwiwa saboda tafiyar ƙasa, abin da na gaya masa ne ya maimaita. Gwiwata lafiyarta ƙalau. Abin da ya sa nake dafe ta in na zauna cikin mutane, kunya ce. Yau zan faɗi gaskiyar, da ɗan guntun bokon da na tsinta a shekara ukun da na yi a lakwal kafin in tsere. In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, mai rubutun ma ba a miƙe yake ba.

Sunana Barmo, daga wani ƙauye a gefen Matamai. Sana'ata liƙin tukunya da buta da dalma, sai 'yar fitilar gwangwani, wadda tocila ta kashe wa kasuwa. Furfura ta riga ta cinye gemuna lokacin da na bi samarin garinmu neman zinariya, don na buɗe baki a gidan suna, a gaban mata, na ce sai na yi wa Hajara matata rufin kwano kafin in mutu. Baki shi ke yanka wuya.

Zangon farko ramukan zinariya ne, can cikin hamada. Mai ramin ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba zai saukar da kakansa rami ba. Aka ba ni kwano, aikina wanke garin dutse: ka zuba ruwa, ka yi ta kaɗawa a hankali har ƙasa ta tafi, abu mai nauyi ya kwanta a gindi. Daga safe zuwa azahar hannu kan mutu. Sai na koyi ɗora kwanon a gwiwa, ina kaɗa shi da ita, motsin da ido ba ya kamawa amma ruwa na jinsa. Wata takwas na yi a haka. Ran nan muka wayi gari mai ramin ya ɓace da abin da muka tara. Duk abin da na samu a wurin, gwiwa ce mai ilimi.

Zango na biyu Tamanrasat, can ƙetaren iyaka. Can na yi kwaɓin siminti a gidajen da ban taɓa ganin masu su ba, har ranar da aka kwashe mu a manyan motoci, aka sauke mu a fili, aka nuna mana wani waje da yatsa aka ce can ne Assamaka, bakin iyakar ƙasarmu. Takalmina ya tsinke tun ba a yi nisa ba. Wani dogon mutum da ban san yarensa ba ya cire igiyar wandonsa ya ɗaure mini shi, ya ƙarasa tafiyar riƙe da wando a hannu. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata. Daga Assamaka aka kawo mu Arlit, aka ce mu jira motar da za ta mai da mu gida. Ni kuwa da na tuna matan gidan sunan nan, da irin kallon da za su yi wa rufin ciyawar Hajara, sai na sulale na shige gari.

Na tarar da Arlit cike da gwanaye marasa aiki. Tun da aka rufe ramin iraniyom na Akokan, mutanen da suka san ƙarfe da inji na gaske suna zaune a inuwa suna shan shayi. A cikinsu ni na shimfiɗa buhu a bakin kasuwa da aron ƙarfen liƙi, ina toshe butoci. Rana guda in ci, rana guda in sha ruwa in yi hamdala.

A nan Mushe Iliya ya same ni, Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko. Malamin kimiyya ne a wani lise na garin, wato makarantar sakandare, mutumin wajen Maraɗi, Kirista, siriri mai tabarau, ga alli har a gira. Yana yawo da takarda mai zanen wani daro, yana nuna wa masu ƙira. Na ji suna ce masa aikin akwai wuya, sai an natsu. Da ya iso kaina na karɓi takardar, na riƙe ta, daga baya na gane a kife na riƙe ta, na ce, "Wannan? A Tamanrasat irinsa goma nake fitarwa kafin la'asar."

Ya tambayi inda nake kwana. Na nuna masa rumfar mai gawayi. Sai ya ɗauki buhuna da kansa.

Gidansa akwai ɗan ɗaki a zaure, nan aka sauke ni. Matarsa, Madam Saratu, ta kawo mini tabarma da buta, ta nuna mini gabas da hannu tun ban tambaya ba. Da yamma ta aiko da tuwon gero da miyar kuka, da daddawar da ƙanwarta ta aiko mata daga gida. Rabona da wannan ƙamshi tun a hannun Hajara. Hawaye suka zubo mini cikin kwano, na ce yaji ne. Ta ce ai ba ta sa yaji ba, amma ta ji.

Da safe na tambayi Mushe me za a wanke a daron, tunda zanen ya nuna rami a tsakiya. Ya yi dariya ya ce ba wanki ba ne, mutuwar tauraro yake so ya nuna wa ɗalibansa. Na ce Allah ya jiƙan tauraro, ashe su ma suna mutuwa.

Muna zaune a tsakar gida, Madam na talge a murhu. Ya ce akwai taurarin da ranarmu ba ta kai ko jikarsu ba wajen girma. Irin wannan tauraro abu biyu ne ke kokawa a cikinsa: nauyinsa na danna shi ciki, wutar cikinsa na tura shi waje. Muddin akwai abin ƙonawa, ba mai kada wani. Ran da makamashi ya ƙare, zuciyar ta koma ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya ba da wuta, sai ta rufta kamar tsohuwar rijiya. Kafin ka ƙifta ido, abin da ya kai girman wata ya dunƙule ya koma bai fi tafiyar da na yi zuwa Assamaka sau biyu ba. Dunƙulen ya yi tauri, abin da ke faɗowa a kansa ya buge shi ya yi baya, ya taso kamar igiyar ruwa zai fita waje. Amma sauran jikin tauraron na ta zubowa daga sama, sai igiyar ta tsaya cak a hanya, ba gaba ba baya.

Ya ce a nan masana suka daɗe suna tufka da warwara. In suka ɗauka komai na tauraron zaune yake daidai wa daida ta kowane gefe, lissafi kan ce ba zai fashe ba, shiru zai haɗiye kansa. Amma ga shi ana ganin suna fashewa, haskensu ya cika sama.

Sai ya nuna tukunyar Madam. Ya ce in duba: wuta a ƙasa, nauyi a sama, gefe guda ya kumbura, gefe guda ya lotsa. Yana rufe baki talgen ya yi fal, ya fantsamo mini a ƙafa. Madam ta ce to ga tauraro ya gaishe ni. Mushe ya ce haka zafin dunƙulen nan ke tafasa abin da ke kewaye da shi. Bayan tafasar kuma, ita igiyar da ta tsaya sai ta fara rangaji da kanta, dama da hagu, kamar ruwa a tulu a kan mai tafiya. Rangajin nan ke riƙe kayan a kusa da zafi har su yi ƙarfi su ɓalle. Ya ce ƙarfen liƙina daga irin wannan fashewa ya fito, zinariya da iraniyom kuma daga irin mutuwar nan ko daga karon gawarwakin da ta bari.

Na ce wato gawar tauraro na yi wata takwas ina wankewa ba lada. Ya ce kusan haka. Na tambaye shi ko wannan bincike ba shisshigi ba ne cikin aikin Ubangiji. Ya ce Mai ɗinki ya riga ya ɗinka rigarsa, shi dai juyo ta yake yi ya ga yadda zaren ya bi.

Daron kuwa, ya ce wasu masana ne suka gano ruwa ma na yin wannan rangaji, ya karanta, ya ƙudura sai 'ya'yan masu haƙar iraniyom sun gani da idonsu. Sai ya ɗaga yatsa ya faɗi maganar da ba zan iya cewa ban ji ba.

"Baba Barmo, duk amfanin abin a nan yake: da kansa zai yi. Ba iska, ba hannu. In wani ya taɓa, ya zama wasan yara."

Na ce ai wannan a bayyane yake.

Ni da ban taɓa ƙera abin da ya wuce mazurari ba, na san daron ya fi ƙarfina. Na ɗauki takardar na kai wa wani maƙeri Ba'abzine a bayan kasuwa, mai zubin tukwane, mutum marar yawan magana. Na yi masa kwana goma ina zuga da shara, shi kuma ya zuba daron, ya goge shi har kana ganin haƙoranka a ciki. Na ɗauko a kai na shigo gida ina nishi kamar wanda ya haihu. Mushe ya shafa shi ya ce hannuna akwai albarka. Na ce gado ne.

Muka kafa shi a wani ɗakin lise da ba a karatu a ciki, a kan teburin katako. Daro ne mai faɗi, ya gangara zuwa tsakiya. An zagaye bakinsa da tiyo mai tsaga, ruwa na fitowa ta ko'ina, siriri, yana gudu zuwa ciki. A tsakiya akwai guntun bututu a tsaye, ruwa na malala a bakinsa ya sauka bokiti, ɗan inji ya sake turo shi sama. Kafin ruwan ya kai bututun sai ya taru ya yi tudu a kewaye da shi, kamar gammo. Mushe ya ce bututun shi ne dunƙulen zuciya, ruwa mai gudu shi ne jikin tauraro da ke zubowa, gammon kuma shi ne igiyar da ta tsaya. Gammon nan muke jira ya yi rangaji.

Aikin na mutum biyu ne. Shi yana hawa benci ya leƙa daga sama da wayarsa, ni ina tsaye jikin tebur ina riƙe da kan famfo, in ƙara in rage yadda ya ce. Mun lulluɓe teburin da leda har ƙasa don kada ruwa ya ci katakon.

Mako shida muna zuwa bayan an tashi karatu. Gammo ya zauna daram kamar an naɗa shi sarauta. In aka ɗauke kuran, wato lantarki, mu zauna mu yi jira, in aka kawo mu tashi, gammo yana nan inda muka bar shi. Sauran malamai suka sa masa suna Mushe Daro. Darakta, shugaban lise, ya fara maganar ɓarnar ruwa a garin da ake layi a famfo. Mushe ya rage cin abinci. Ran nan na ga ya ɗauko zare yana auna daron ta ko'ina, sannan ya ce wataƙila da ɗan karkata da ido ba ya gani, gobe mu kai shi kasuwa maƙera su duba mana.

Na san asirina zai tonu. A kasuwa maƙeri na farko da zai gani zai ce ai wannan zubin wane ne, wannan tsohon kuwa shara ya yi masa.

Zan so in ce tausayin Mushe ne ya sa. Da tausayin a ciki, amma bai kai rabi ba. Sauran tuwon Madam ne da ɗakin zaure. Ya hau benci ya ce mu gwada sau ɗaya kafin mu tashi. Na jingina gwiwata da ƙafar tebur a bayan leda, na ba ta aikinta na ramin zinariya. A hankali, a hankali. Gammo ya karkata gabas, ya dawo yamma, ya sake komawa.

Mushe bai yi ihu ba. Ya sauko daga benci ya zauna a ƙasa da farin wandonsa, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge su da bakin riga. Sannan ya tambaye ni ko na gani. Na ce na gani, ikon Allah. A hanyar gida ya sayi balangu. Zan yi ƙarya in na ce naman ya maƙale mini. Ya wuce sumul, har na ƙara.

Daga ranar gammo ya zama ɗan rawa. Mako uku kullum sai ya yi. Mushe ya ɗauki hotonsa mai motsi ya aika wa wani abokin karatunsa da ke koyarwa a waje. Wata rana ya ce a abin da ya karanta, in rangajin ya yi ƙarfi yakan koma juyi, gammon ya riƙa zagaya bututu. Washegari gammo ya zagaya. Ni kaina na yi mamakin gwiwar nan. Har na fara jin haushin da ba a san gwanintata ba.

Ran wata Asabar Madam ta zo gani. Mijinta na ta nuna mata ruwa, ita kuwa na lura ba ruwan take kallo ba, gefen leda take kallo, can ƙasa, inda yake ɗan karkarwa. A hanya ta rage tafiya har muka jera, ta ce, "Baba, ka ce wankin zinariya ka yi a daji ko?" Na ce e. Ta ce aikin haƙuri ne. Ta wuce gaba ta cim ma mijinta.

Aka sa ranar da iyaye da manyan gari za su zo lise ganin ayyukan ɗalibai. Mushe ya roƙi Darakta a sa daronsa a ciki. Saura kwana uku, shi da Madam suka shigo zaure da ƙunshi: riga da wando na shadda, ruwan bula, sababbi, har da hula. Madam ta ce ba za a nuna aikin gwani ba alhali gwanin na sanye da rigar da ta sha hamada. Ta tsaya tana kallona kamar mai jiran wata magana. Na yi godiya, na yi addu'a doguwa, har da ta zuriya. Maganar da take jira kuwa na haɗiye ta.

Ranar ta zo. Ɗaki ya cika, ɗalibai a baya, iyaye a tsakiya, Darakta da baƙinsa a gaba. Na nufi wurina jikin tebur, sai Mushe ya kama hannuna ya kai ni wata kujera mai hannu, kusa da Darakta. Ya gaya wa jama'a wannan dattijo shi ya ƙera daron, yau hutawa zai yi a girmama shi, ɗalibai biyu za su riƙe famfo. Aka tafa mini. Na zauna cikin shadda ina murmushi, gwiwata na can taku shida daga inda ake bukatarta.

Ya yi bayaninsa, da Faransanci da Hausa, har da talge, iyaye suka yi dariya. Aka kunna inji. Gammo ya taru ya zauna. Aka ƙara ruwa, aka rage. Gammo ko gezau. Zufa ta jiƙa wa Mushe baya. Wani uba ya tambayi na kusa da shi ko tauraron ya riga ya mutu ne ba a sanar ba. Darakta ya duba agogo yadda kowa zai ga ya duba.

Mushe ya juyo ya ce, "Baba Barmo, zo ka kama mana famfon, hannunka ya saba da shi."

Taku shida ne. A cikinsu na sami lokacin da zan ce jama'a ku tsaya, ga abin da ke nan. Na sami lokacin da zan riƙe famfo kawai in bar ruwa ya yi abin da ya ga dama. Amma na dubi fuskarsa, na dubi agogon Darakta, na ce wa raina sau ɗaya dai, in fitar da shi kunya. Na jingina gwiwa.

Ko minti ba a yi ba gammo ya fara rangaji. Ɗaki ya ɗauki tafi, ɗalibai suka hau benci. Shi kuwa Mushe ba ya tafi. Mutum ne mai lissafi: an daɗe ana fama ba abin da ya motsa, tsoho ya taɓa, nan take. Ya sauko, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan tebur, ya bar shi a nan. Ta cikin katakon na ji hannunsa, shi ma ya ji gwiwata. Muka haɗa ido. Na tsayar da gwiwar. Gammo ya yi rangaji biyu ya koma ya zauna.

Da ya ga dama ya kashe inji a lokacin, ana cikin tafi, ba wanda zai sani. Sai ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku daina tafi. Abin da kuka gani ba shi na yi muku alkawari ba. Tebur ne ke motsi, ba ruwa ba. Laifina ne, na duba sama ban duba ƙafar tebur ba. Ɗalibai, ku rubuta wannan, shi ne darasin yau."

Bai ambaci sunana ba, bai ko dube ni ba. Darakta ya tashi ya ce wa baƙinsa su zo su ga lambun ɗalibai. Ina jin wani malami a bakin ƙofa yana cewa Mushe Daro ya zama Mushe Tebur. Na tsaya riƙe da famfo cikin sabuwar shadda har ɗakin ya watse.

A gida na naɗe buhuna, na ninke rigar na ajiye a kan tabarma. Ina shirin fita sai ga Madam da kwanon tuwo, kamar kullum. Na ce ban cancanta ba. Ta ce tuwo ba ya tambayar cancanta, in ci. Sannan ta gaya mini kujerar nan shawararta ce. Ta ce ta ba ni kwana uku da riga a hannu ko zan je in gaya masa da bakina, don ba ta so ya ji daga nata, kada ya ce ta tozarta baƙonsa. Ta ce, "Na zaci kunya za ta kama ka kafin ranar, Baba. Ashe sai bayan ta wuce." Na jawo kwanon na ci.

Mushe ya shigo ya zauna a bakin tabarma da wayarsa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Mushe."

"Har juyin?"

"Har juyin."

Ya yi wani abu mai kama da dariya ta hanci, ya ce lallai na iya. Ya shiga goge hotunan ɗaya bayan ɗaya a gabana, kowanne sai ya kalle shi har ƙarshe sannan ya goge. Ya rubuta wa abokinsa na waje cewa abin da ya aika ba gaskiya ba ne, kada ya nuna wa kowa. Tunda rami ya riga ya buɗe, na faɗa masa har maganar daron. Ya ce daron ba shi da aibu, wanda ya yi shi ya kamata a gode masa. Washegari ya sa ni gaba har bayan kasuwa, ya gaida maƙerin da hannu biyu. Maƙerin ya dube ni ta saman rawaninsa ya tambaya ko sharar ce na dawo ƙarasawa.

Ya ga buhun a naɗe bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Na zauna, don tafiya ta fi sauƙi, ni kuwa na gaji da zaɓar mai sauƙi.

Darakta ya ce a fitar masa da daro daga lise. Muka kawo shi gida. Na roƙi abu guda, a bar ni in yi masa mazauni. Kwaɓin siminti dai na iya shi da gaske, Tamanrasat ta koya mini. Na gina dakali a ƙarƙashin rumfa, na dasa ƙafafun ƙarfe a ciki, wanda ko raƙumi ya jingina ba zai motsa ba. Ba leda, kowa na ganin ƙarƙashinsa. Mushe ya koma kan takardunsa, ya ce yana zaton gammon ya matse bututu da yawa, sai an ɗaga bututun, ruwa ya taru, gammon ya buɗe. Maƙerin ya yi masa bututu mai murɗawa. Duk Asabar sai Mushe ya ɗaga shi kaɗan, ya rubuta, Madam na riƙe da famfo. Ba wanda ya hana ni matsowa. Ni na zaɓi bakin zaure, can nake zama ina liƙin butocin unguwa.

Haka muka yi har zafi ya shigo. Tsakanina da shi gaisuwa ce da ladabi, Baba Barmo ina kwana, Mushe ina gajiya. Bai sake ba ni labarin taurari ba. Na ji rashinsa fiye da yadda na zata.

Wata Asabar da hantsi ina fama da wata tsohuwar buta, sai na ji Madam ta kira sunansa a hankali. Na ɗaga kai. Daga inda nake ba na ganin cikin daro sosai, amma rana na bugun ruwan tana jefa haskensa a rufin rumfa. Hasken nan da kullum yake tsaye, na ga ya tafi gabas, ya dawo yamma. Ya sake tafiya, ya fi na farko nisa. Madam ta saki famfo ta ɗaga hannuwanta sama. Hasken bai tsaya ba.

Mushe bai zauna a ƙasa ba wannan karon, bai cire tabarau ba. Abin da ya fara yi, ya waiwayo ya neme ni. Ya same ni a bakin zaure. Idonsa ya sauka kan gwiwoyina, ya bi ƙasa a hankali daga nan har gindin dakali, kamar mai auna fili. Sai da ya gama awonsa sannan ya juya ya kalli ruwan.

An cuce ni a ramin zinariya, an zubar da ni a hamada kamar shara, duk ban ji su kamar wannan kallo ba. Kuma ba zan ce bai kamata ba. Shekara da shekaru yana jiran wannan lokaci, da ya zo, sai da ya fara kashe farkonsa a kaina.

Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Baba Barmo, zo ka ga na gaskiyar."

Na ajiye buta na taso. Na tsaya taku biyu daga dakalin, na harɗe hannuwa a baya, na miƙa wuya kamar zalɓe. Gammon na tafiya yana dawowa, yana tafiya yana dawowa, sannan ya karkace ya fara zagaya bututu, ba hannun kowa, ba gwiwar kowa. Nawa ya fi shi tsari. Wannan yana yi yana tuntuɓe, wani zagayen ya yi faɗi, wani ya tsuke, kamar ɗan maraƙin da ya fara tsayuwa.

Mushe ya ce in matso, daga nan ba zan gani da kyau ba.

Na ce ina gani.